"Arewacin Kyuba" ba barkwanci ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni tsohon mai sauraronku ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a kudancin jihar Florida ta Amurka, ina kanikancin manyan motoci, kuma shirinku na wasanni a waya nake jin sa, sau da yawa ina kwance a ƙarƙashin mota, wayar tana jingine da taya. Ban taɓa rubuto muku ba sai yau.

Na ji daɗi da kuka ba tseren motoci na NASCAR 'yan mintoci a makon jiya, ko ba komai an huta da ƙwallo. Labarin ma daidai kuka kawo shi: za a mayar da tseren rufe kaka, wanda a cikinsa ake naɗa zakaran shekara, filin Homestead da ke kudu da Miami a Nuwamban 2026, bayan shekara shida ana yin sa a Phoenix. Inda na ajiye sufana na tashi zaune shi ne lokacin da mai gabatarwa ya tuno tsohuwar maganar Bruton Smith, attajirin mai filayen tsere, wanda ya kira wurin "Arewacin Kyuba". Ya kwashe da dariya, abokin zamansa ya taya shi, suka ce ai barkwancin tsofaffi ne, irin na Bakano da Bazazzagi. Wannan kalma ta barkwanci ita ta sa na ɗauki biro.

Mutumin ya mutu tun 2022, yana da shekara 95, don haka ba tonon silili na zo yi ba, kuma ba zan rage masa haƙƙinsa ba. Shi da Curtis Turner suka gina filin Charlotte da aka buɗe a 1960. Kamfaninsa, Speedway Motorsports, ya mallaki filayen Atlanta da Bristol da Texas da Las Vegas da wasunsu. Ya kafa gidauniyar taimakon yara. An shigar da shi zauren karrama gwarzayen NASCAR a 2016. Mutum ne mai kaifin baki wanda 'yan jarida ke son zama kusa da shi, domin sun san ba za su tashi hannu rabbana ba.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Filin Homestead ba nasa ba ne. A wancan lokaci yana hannun kamfanin International Speedway Corporation, na zuriyar France, waɗanda kakansu Bill France ya kafa NASCAR a Daytona a 1948, kuma su ke tsara jadawalin tsere na shekara. Tun 2002 suka ajiye tseren ƙarshe a filinsu. Tseren ƙarshe kuwa shi ne tsoka: kuɗin talabijin, kuɗin talla, otal-otal cike, idon duniya a kanka. Smith yana son a ɗauke shi a kai nasa filin na Las Vegas. Da ya ce a 2010 wai gasar naɗa zakara tana buƙatar wurin da ya dace, kuma shi bai ga Arewacin Kyuba ya dace ba, ciniki yake yi. Abin haushin ma yana da hujjojin da zai kafa ba tare da ya taɓa kowa ba. Kujerun Las Vegas a lokacin sun ninka na Homestead. Tun 2009 an ɗauke walimar karrama zakara daga New York an kai ta Las Vegas. Hanyar shiga Homestead ranar tsere cunkoso ce mai sa mutum ya yi da-na-sanin fitowa, ni shaida ne. Duk ya tsallake waɗannan ya ɗauko sunan wata al'umma ya mai da shi aibun kayan abokin hamayya, kamar mai tumatir a kasuwa da zai ce kada a sayi na maƙwabcinsa saboda ƙabilar masu zama kusa da rumfarsa.

Mu da muka tashi cikin wasan barkwanci mun san ƙa'idarsa. Bafulatani ya tsokani Babarbare, Babarbare ya rama nan take, a yi dariya, a ci tuwo a kwano ɗaya. Bagobiri da Bayarabe haka. Taubasai haka. Sharaɗin shi ne kowa yana da bakin ramawa, kowa ya san da wasan tun kaka da kakanni, kuma ba a tashi wani ya yi asarar ko sisi. To wane tsohon zumunci ne tsakanin Smith, attajirin Carolina ta Arewa, da mai tsintar tumatir a gonakin Homestead? A gaban wa zai rama? Smith ya yi maganarsa gaban makirufo, ta zaga ƙasa kafin magariba, kuma abin da yake nema da ita shi ne a kwashe wata babbar kasuwa daga garin. Wannan a Hausa sunansa shaguɓe, ko ma zambo.

Abokin mai gabatarwa ya ce wai ai bayanin taswira ne kawai, tunda Florida tana arewa da Kyuba. Haka ne, daga Key West zuwa gaɓar Kyuba mil 90 ne. Amma New York ma tana arewa da Kyuba, Charlotte ma haka, ba wanda ya taɓa laƙaba musu sunan. Duk wanda ya zauna Amurka ya san abin da ake nufi idan aka kira yankin Miami da wannan suna: wai nan ba Amurka ba ce ta gaske, mutanen ba namu ba ne, Sifaniyanci ya yi yawa, wasanmu ya fi ƙarfinsu. Ba a sa kalmar zagi ko ɗaya a ciki ba, shi ya sa mai faɗa yake samun ƙofar zillewa. Malam Edita, kai ma ka san irin wannan. Kalmar "aboki" tana cikin mafi daɗin kalmomin harshenmu, amma ka tambayi ɗan'uwanmu mai tura baro ko mai gyaran takalmi a Legas yadda take sauka a kunnensa idan an jefo masa ita daga cikin mota da wata irin murya. Shi ma in ya yi ƙorafi za a ce masa, to ba abokin ba ne? Laifi tudu ne, na sani, mu ma muna da sunayen da muke kiran wasu da su a bayan idonsu, ban wanke mu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ku ambaci wanda ya gina filin ba. Sunansa Ralph Sanchez, haifaffen Kyuba. Yana yaro ya iso Miami shi kaɗai, ba uwa ba uba, a cikin shirin nan da ake kira Pedro Pan, wanda ya kwaso yara sama da 14,000 daga tsibirin tsakanin 1960 da 1962, bayan Fidel Castro ya karɓi mulki. Ya girma ya shiga harkar gine-gine, ya kawo tseren motoci kan titunan Miami a 1983. Ranar 24 ga Agustan 1992 guguwar Andrew ta faɗa wa kudancin Florida, ta rushe gidaje sama da 60,000, ta ragargaza sansanin sojan sama da garin Homestead ya dogara da shi. Mutane suka yi ta tattara komatsai suna barin garin. Shekara guda cif bayan guguwar, ranar 24 ga Agustan 1993, aka aza harsashin filin tseren, aka buɗe shi a Nuwamban 1995. Wato a lokacin da masu kuɗi ke gudun wurin, ɗan Kyuba ne ya tsaya ya ce a nan za a yi. Sanchez yana raye lokacin da Smith ya yi maganarsa, sai a 2013 ya rasu.

Maigidana a gareji dattijo ne ɗan Kyuba, cikin mutum kusan 125,000 da suka tsallako daga tashar jiragen ruwa ta Mariel a Kyuba a 1980. Kullum ƙarfe uku na rana yakan aiki yaro ya sayo kofi a tagar wani shago, baƙi ƙirin, sukari kamar a tsaya da cokali, a kofin roba guda, da wasu 'yan mitsi-mitsin kofuna kamar murfin kwalba. Kowa ya zo ya karɓi nasa, har ni da na fi son shayi. A wajen shan kofin nan ya ga fuskata ba daidai ba ya tambaye ni, na fassara masa abin da na ji a shirinku, har da dariyar. Bai yi fushi ba. Ya goge hannu da tsumma, ya shiga ofis, ya ɗauko wani tsohon gwangwanin biskit. Tikitocin Homestead ne a ciki, ɗaure da roba, wasu sun koɗe har rubutun ya kusa ɓacewa. Ya ce mini ya fi shekara arba'in yana biyan haraji a ƙasar nan, ɗansa ya yi aikin soja, shi kuma tun filin yana sabo yake sayen kujera da guminsa, amma ga alama har yanzu a bakin ƙofa yake tsaye. Ya mayar da murfin gwangwanin, ya ce in je in ƙarasa birkin motar da na bari.

Shi ya fara kai ni filin. Wanda bai je ba ba zai gane ba, talabijin tana rage abin. Da'ira ce mai tsawon mil ɗaya da rabi, kwanoninta a karkace, kuma gwanayen direbobi sukan haura can sama su bi jikin katanga, tsakaninsu da ita bai fi tafin hannu ba, har fenti yakan goge. Ƙarar injin a ƙirji ake jin ta. Dattijon ya miƙo mini abin toshe kunne na ƙi karɓa don jarumta, zagaye biyar na miƙa hannu da kaina. Ƙaurin taya ya gauraye da ƙamshin gasasshen nama, ga wata iyali a gabanmu kaka tana ihu da Sifaniyanci, jikokinta suna amsa mata da Turanci, kowa sanye da rigar direbansa. Mutanen garin ma ba duka 'yan Kyuba ba ne. Akwai 'yan Meksiko da Gwatamala da Haiti masu aikin gona da lambunan furanni, akwai baƙaƙen fata da Turawan da aka haifi kakanninsu a nan. Mai shaguɓe bai damu da wannan ba, duk ya zuba su a buhu ɗaya.

Haka aka yi wa direba Juan Pablo Montoya a Oktoban 2009. Ana sharhin wani wasa a tashar ESPN aka nuna jerin direbobin da ke kan gaba, wani ya tambaya ina Montoya, sai mai sharhi Bob Griese ya ce ya tafi cin tako. Montoya ɗan Kolombiya ne, tako kuwa abincin Meksiko ne. Griese ya nemi gafara, aka dakatar da shi mako guda. A Afrilun 2020 direba Kyle Larson ya furta kalmar nan ta cin zarafin baƙar fata yana tseren kwamfuta, cikin kwana biyu ya rasa kujerarsa a tawagar Chip Ganassi, masu talla suka janye, sai a 2021 ya dawo. Ban ce laifuffukan nauyinsu ɗaya ba, na Larson ya fi muni nesa ba kusa ba. Amma ka lura da wanda hukunci ke hawa kansa: mai sharhi ma'aikaci ne, direba ma'aikaci ne. Mai filaye, wanda ake tsere a gidansa, wa zai dakatar da shi?

Kuma wasan nan yana da tsohon tabo, shi ya sa irin wannan magana ba ta wucewa salin-alin. A Disamban 1963 Wendell Scott, baƙar fata, ya ci tsere a Jacksonville, a nan Florida, aka miƙa wa Buck Baker kofin. Daga baya aka yarda Scott ne ya ci, amma iyalinsa ba su karɓi kofi daga hannun NASCAR ba sai 2021, shekara talatin da ɗaya bayan rasuwarsa. Tutar 'yan awaren Kudu, wadda baƙaƙen fata ke gani su tuna bauta, sai a Yunin 2020 aka hana ɗaga ta a filaye, bayan Bubba Wallace, direba baƙar fata, ya fito ya nemi a yi haka. Hukumar da kanta ta san da matsalar, tun a 2004 ta kafa shirin jawo matasa daga al'ummomin da aka bari a baya.

Game da ko wurin ya dace, filin ya ba da amsa da kansa. Shekara guda bayan maganar, a 2011, Tony Stewart da Carl Edwards suka gama kaka a Homestead da maki 2,403 kowannensu, Stewart na ɗaya a tseren, Edwards na biyu, aka raba gardama da yawan nasarori, biyar da ɗaya. Duk kambuna bakwai na Jimmie Johnson a nan ya ɗaga su. A 2016 Daniel Suárez na Monterrey a Meksiko ya ci tsere a filin ya zama zakaran rukuni na biyu, baƙo na farko da ya taɓa cin kambun ƙasa a NASCAR. 'Yan Kyuba kuwa sun daɗe a cikin gidan. Felix Sabates, haifaffen tsibirin, ya yi shekaru da tawagarsa a Charlotte, garin Smith ɗin kansa. Aric Almirola, wanda mahaifinsa ya baro Kyuba yana ƙaramin yaro, ya ci Daytona a Yulin 2014 a mota mai lamba 43 ta Richard Petty, lambar da babu wadda ta kai ta daraja a wasan.

Roƙona kaɗan ne, ranka ya daɗe. Ban ce a hukunta mai gabatarwa ba, na tabbata bai san tushen zancen ba, kuma ina son shirinsa. A mako mai zuwa ya ɗauki minti ɗaya ya janye kalmar barkwanci, ya faɗa wa masu sauraro cewa Smith yana da filin da yake nema wa tseren, ya kuma ambaci sunan Ralph Sanchez. Idan ya yi, zan kunna wa dattijon ƙarfe uku, in fassara masa kamar yadda na fassara masa na farko. Ya riga ya ce in ajiye kuɗin tikitin Nuwamba, tare za mu tafi a motarsa, kuma wannan karon in zo da abin toshe kunnena.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga kudancin Florida, Amurka