Wasiƙa zuwa ga Ummi a Dang, kan ƙwai da abin kwali

Garwa, daren Lahadi

Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya karatu, ya sanyin Ngaundere? Mu nan lafiya lau, sai zafin Garwa da kika sani, ko fanka ma iskar wuta take hurowa. Babanki yana gaishe ki, su Auta ma haka.

Na zaɓi in rubuto miki ne, don in a waya ne sai ki yi ta "to Mama, to Mama" har kuɗin su ƙare, ba abin da ya shiga kunnenki. Yayarki ce ta tsegunta mini cewa ranar Talata jiri ya ɗebe ki a aji wajen ƙarfe sha ɗaya, sai da ƙawarki ta riƙe ki kuka fito. Kada ki yi mata faɗa, ni na matsa mata. Da na bi diddigi sai na ji wai tun da kika koma jami'a a Dang da konfileks kike karyawa, madarar gari da cokali uku na sukari a kai, ƙwai kuwa kin daina ci saboda wata 'yar ɗakinku ta ce yana toshe jijiyoyin zuciya. Na yi dariya, daga baya kuma raina ya ɓaci. Shekarun da na yi ina awon ciki da awon yara a asibiti, a ce 'yar cikina ce za ta faɗi da yunwa alhali ta ci wani abu da safe?

Bari in fara da abin kwalin. Ba guba ba ne, kada ki ce Mama ta hana. Masara ce, irin wadda kike wuce buhunanta a kasuwar Ngong duk lokacin da motarku ta bi ta nan. Sai dai an surfe ta an raba ta da dusa, an dafa, an murje ta fale-fale, an gasa. Na taɓa karanta asalinta. Wani likita ne a Amurka, John Harvey Kellogg, da ƙanensa Will, suka fara yin irin wannan abinci a 1894 a garin Battle Creek, don majinyatan gidan jinyar da likitan yake shugabanta. Da alkama suka fara, masara ta biyo baya. A 1906 ƙanen ya kafa kamfaninsa ya shiga kasuwa, kuma ƙara sukari yana cikin abubuwan da suka haɗa wa da ƙane rigima. Kin ga ke nan, abincin mai kwance a gado ne tun farko, ke kuwa tafiya kike yi daga ɗaki zuwa makaranta, ki zauna lacca awa huɗu.

Ki juya kwalin ki karanta bayansa, ai Faransancinki ya fi nawa. Za ki ga awon da suke ƙirgawa na mutum ɗaya giram 30 ne, abin da bai wuce cikin tafin hannu biyu ba, kuma furotin ɗin da ke ciki kusan giram 2 ne kacal. Sauran yawanci sitaci ne da aka riga aka narkar wa ciki, yana shiga sai ya zama sukari a jini nan take, ki ji garau, bayan awa biyu ya sauka ya bar ki da rawar hannu da hamma. Jirin da kika ji ke nan. Masu rufin sukari a jiki kuwa sun fi muni, akwai waɗanda kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu sukari ne zalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da babba zai ƙara a abinci da abin sha kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Ke kin zuba uku a kwano, na san kuma shayinki ba ya shiga sai da uku. Rana ba ta gama fitowa ba kin cinye rabon yini. Abin da zan yaba wa kwalin shi ne ana ƙara masa sinadarin ƙarfe da bitamin, kuma madarar da ake zubawa tana da amfaninta. Amma ki lissafa kuɗin kwali ɗaya, ki ga ƙwai nawa zai saya miki a bakin titin Dang.

Ƙwai ɗaya babba yana da furotin wajen giram 6, kuma irin wanda jiki yake amfani da shi kusan duka. Biyu sun ba ki 12, ga maiƙon gwaiduwa da ke sa abinci ya daɗe a ciki. Shi ya sa wanda ya karya da ƙwai biyu da ɗan burodi yake kai azahar bai tuna da tukunya ba. A gwaiduwar nan da ƙawarki take tsoro ne bitamin A da D da B12 suke. Gaskiyarta ɗaya: akwai kolestarol a ciki, wajen miligiram 186. Mu ma haka aka koya mana a makaranta, muka yi shekaru muna hana mutane. Daga baya bincike ya nuna yawancin kolestarol ɗin da ke jini hanta ce take yin sa, kuma kitse da man da ke daskarewa sun fi ƙwai tayar da shi. Har Amurkawan da suka kawo dokar miligiram 300 a yini sun cire ta daga jagoran abincinsu a 2015. Yarinya mai shekara ashirin da lafiyarta, ƙwai ɗaya kullum, ko biyu wasu ranaku, ba abin da zai yi mata sai alheri. Babanki daban ne. Tun da aka gano masa ciwon suga likitansa ne yake ƙayyade masa, ni ma ba na zartar da nawa a kansa.

Abin ya tuna mini da kakarki, Allah ya jiƙanta. Da damina in an kawo ƙwan zabi daga ƙauye, ɓoyewa take yi a cikin tukunyar ƙasa, wai yaron da ya saba cin ƙwai ɓarawo zai zama. Maza manya su ci, mu mu lashi ɓawo. Ranar da ta kama ni ina fasa miki gwaiduwa a kunu kina wata takwas, sai da ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Ga shi kin girma, ban ji kin ɗauki ko allurar wani ba. A da camfi ya hana yara ƙwai, yanzu kuma tsoron da aka kwaso a waya.

Sai dai yadda ake cin sa ma magana ce. Na san masu shayin bakin jami'a, na tsaya na kalli ɗaya ranar da muka kawo ki: ya fasa ƙwai biyu a kofi, ya zuba taliya da dunƙulen magi guda, ya tuttula mai har ƙwan yana iyo, ya cusa a rabin burodin da ya shafe da mayonis. Daɗi kam akwai, ni ma na ci. Amma in kullum ne, man nan da gishirin su za su yi miki illar da ake ɗora wa ƙwai. Ki dafa abinki. Ki ɗora shi kina alwalar asuba, minti goma bayan ya tafasa ya yi. Kada ki sha shi ɗanye ko ruwa-ruwa, akwai ƙwayar cuta mai sa gudawa da zazzaɓi da wuta kaɗai ke kashewa. Kada kuma ki dafa da dare ki ajiye, tunda ba ki da firji. In kin sayo, ki bar shi yadda yake ba wanki sai za ki dafa, don ruwa yana cire ɗan rufin da ke kare ɓawon. Wanda kike shakka ki jefa shi a kofin ruwa: in ya kwanta a ƙasa sabo ne, in ya taso sama ki zubar.

Ƙwai kuma ba ya isa shi kaɗai, ba shi da dusa ko kaɗan, ba shi da bitamin C. A nan ne nake jin haushin wannan tambaya ta "ƙwai ko hatsi", kamar mu ba mu da hatsi sai na kwali. Da me aka yi kokon da kika tashi da shi? Gero fa, da dawa, da muskuwarin da mutanen Marwa suke dasawa bayan damina? Kunun gyaɗa hatsi ne da furotin a kofi ɗaya, kosai wake ne, ɗumamen tuwo da miyar kuka yana riƙe manomi har rana ta take. In ba a cika surfe gero ba, dusarsa tana rage saurin shigar sukari jini, tana kuma hana cushewar ciki. In dole sai na shago, Quaker ya fi konfileks nesa ba kusa ba, muddin ba ki cika shi da sukari ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, Ummi, karatun ma haka.

Ga abin da nake so ki yi. Kofin kunu ko koko mai ɗumi, da ma sanyin garinku yana son abu mai zafi, da dafaffen ƙwai ɗaya ko biyu, sai ayaba ko rabin fiya, tunda Allah ya hore muku ita a can da araha. Ranar da kika samu kindirmo mai kyau ki haɗa, amma ɗanyar madarar shanu sai kin tafasa. Shayin ki jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan kin ci, domin yana hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin hatsi, ke kuwa mace ce, kowane wata kina rasa jini. Sauran kwalin da kika saya kada ki zubar, almubazzaranci ne. Ki bar shi ranar da kika makara, ki ci da madara ba sukari, ki sa ƙwai a jaka. In kuma kin gyara kalacin mako biyu jirin bai daina ba, ki je a auna jininki a duba zazzaɓin cizon sauro, ki kira ni da sakamakon a hannu.

Zan ba motar safiyar Alhamis saƙo: garin kunu na gero da na yi da kaina, markaɗaɗɗiyar gyaɗa a roba mai jan murfi, tsamiya, da ƙuli-ƙulin da Gwaggonki ta ce lallai a sa. Akwai sefa dubu biyar a cikin ƙullin tsamiyar, na ƙwai ne, ba na kati ba. Ki je tasha da wuri kafin rana ta narkar da gyaɗar, robar kuma ki dawo mini da ita in za ki zo hutu.

Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Mahaifiyarki