Wasiƙa Zuwa Ga Bashir: Kuɗi Da Gwaninta A Tseren Formula 1

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kamar yadda muke nan lafiya. Ya sanyin Ingila? Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka yi nauyin ƙafa.

Saƙonka ya iso, na kuma ga hukuncin da ka yanke wa gasar tseren motoci ta Formula 1, wai wasan 'ya'yan masu hannu da shuni ne, duk wanda ubansa ya tara abin duniya sai ya saya masa kujera. Ban ƙi ta taka duka ba, mutumina, amma ina ganin ka ɗora laifin a inda ba nan ya fi yawa ba.

Na san Lance Stroll ne ya tsone maka ido. Gaskiya ne, a 2018 mahaifinsa Lawrence Stroll, attajirin nan ɗan Kanada, ya jagoranci wasu 'yan kasuwa suka sayi ƙungiyar Force India lokacin da bashi ya durƙusar da ita, shekara na zagayowa ɗansa ya samu kujera a ciki. Ita ce ta koma Aston Martin a 2021. Wanda aka tayar domin Lance ya zauna shi ne Esteban Ocon, yaron da iyayensa suka sayar da gidansu a Faransa suka koma kwana a motar tafi-da-gidanka don ya ci gaba da tsere. Wannan kam da ciwo. Sai dai ka tuna Lance ba ɗan koyo ba ne. Ya ci gasar Formula 3 ta Turai a 2016, ya zo na uku a tseren Baku a shekararsa ta farko a Formula 1, ya kuma fi kowa sauri a zagayen neman gurbi a Turkiyya a 2020, ana tafka ruwan sama. Direba ne mai kyau. Amma da aka haɗa shi ƙungiya ɗaya da Fernando Alonso a 2023, Alonso da ya haura shekara arba'in ya tara maki 206, shi kuwa 74. Kuɗin uba sun ba shi kujera, sun hana a kore shi, amma ko daƙiƙa ɗaya ba su saya masa ba. Nikita Mazepin ma haka: kuɗin Uralkali, kamfanin mahaifinsa, suka kai shi ƙungiyar Haas a 2021, ya gama shekarar ba maki ko ɗaya.

Kuma sayen kujera ba yau aka fara ba. Niki Lauda bashin banki ya ci ya biya ƙungiyar March a farkon shekarun 1970, daga baya ya zama zakaran duniya sau uku. Michael Schumacher, zakaran duniya sau bakwai, da ubansa magini ne, Mercedes ce ta biya ƙungiyar Jordan kuɗin tserensa na farko a Beljiyam a 1991. Wa zai ce waɗannan ba gwanaye ba ne?

Inda kuɗi ke magana da babbar murya a ranar tsere shi ne motar kanta. Ka san mahayi komai iyawarsa ba ya wuce gudun dokinsa. Ka tuna tseren Sakhir na ƙasar Bahrain a Disamban 2020? George Russell ya kusa cika shekara biyu a ƙungiyar Williams bai ci maki ko ɗaya ba. Korona ta kama Lewis Hamilton, direban Mercedes a lokacin, aka ba Russell motar Mercedes ta mako guda, sai ga shi a gaba yana jan ragamar tseren, har sai da aka rikita masa tayoyi a wurin canji, daga baya wata ta yi faci. Mutum ɗaya ne, ba a ƙara masa basira cikin kwana bakwai ba. Shi ma Alonso, zakaran duniya sau biyu, ya yi shekarun 2015 zuwa 2017 a McLaren mai injin Honda bai taɓa shiga ukun farko ba. Saboda irin wannan giɓi ne aka sa wa ƙungiyoyi iyakar kashe kuɗi daga 2021, aka fara da Dala miliyan 145 a shekara, ko da yake albashin direbobi ba ya ciki.

To amma duk wannan a saman bene muke magana. Ni abin da ya fi damuna yana can ƙasa, inda babu kyamara. Yaro yakan fara da ƙaramar motar kart yana ɗan shekara shida ko takwas. Kafin wata babbar ƙungiya ta san da zamansa, dole ya yi shekaru yana yawon gasa a Italiya da sauran ƙasashen Turai, da makaniki, da sababbin tayoyi, da injin canji, da kuɗin jirgi da masauki. Daga nan Formula 4, sai Formula 3, sai Formula 2, inda kakar wasa ɗaya kan ci wajen Yuro miliyan biyu. A waɗannan matakai direba ne ke biyan ƙungiya, ba ita ke biyansa ba. Dole kuma ya bi ta nan, domin FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, ba ta ba da lasisin Formula 1 sai ya tara maki 40 a ƙananan gasanni. Ka ga ke nan kafin gwaninta ta fara tace mutane, aljihu ya riga ya gama tasa tacewar. Waɗanda muke gani ranar Lahadi gwanaye ne na haƙiƙa, amma gwanayen cikin 'yan tsirarun da suka iya biyan kuɗin shiga.

Za ka kawo mini Lewis Hamilton, na sani, tunda kusa da garinsu Stevenage kake. Mahaifinsa Anthony ya riƙa haɗa ayyuka da yawa a lokaci guda don ya riƙe shi a kart. Amma abin da ya cece shi McLaren ce, da ta ɗauke shi a 1998 yana ɗan shekara 13, ta ɗauki nauyinsa har ya shiga Formula 1 a 2007. Da Ron Dennis, shugaban McLaren na lokacin, bai miƙa hannu ba, kambun duniya bakwai da Hamilton ya ci da wuya mu ji labarinsu. Hamilton da kansa ya faɗa a 2021 cewa wasan ya zama kulob ɗin 'ya'yan attajirai, kuma yaro mai irin asalinsa da wuya ya kai labari a yau. Dubi waɗanda ke tashe yanzu mana. Max Verstappen ɗan tsohon direban Formula 1 ne, mahaifiyarsa ma ta yi tseren kart. Mahaifin Lando Norris babban mai kuɗi ne a Ingila. Kimi Antonelli, da ya gaji kujerar Hamilton a Mercedes a 2025, ubansa yana da ƙungiyar tsere tasa. Babu wanda zan ce bai cancanta ba a cikinsu, musamman Verstappen, wanda ko maƙiyinsa ya san dodo ne. Sai dai duk an haife su a bakin ƙofa.

Kai, ko cin gasa ma ba ya ba da tabbas. Felipe Drugovich ya lashe Formula 2 a 2022, ya ƙare a matsayin direban ko-ta-kwana. A wace ƙungiya? Aston Martin, yana zaune a gareji yana kallon Lance. Nan kam na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari.

Mu nan ba a ma maganarmu. Rabon da a yi tseren Formula 1 a nahiyar Afirka tun na Kyalami da ke Afirka ta Kudu a 1993. Yaron da ke da wannan baiwa a Zariya ko Maraɗi, ta ina shi kansa zai gane yana da ita?

In Allah ya sa ka samu zuwa tseren Silverstone na Ingila a bana kamar yadda ka ce, don Allah ka je da wuri ka kalli tseren Formula 2 da Formula 3, ka duba sunayen kamfanonin da ke jikin motocin, ka binciki alaƙarsu da iyayen yaran, sannan ka rubuto mini abin da ka gani. Ka gaishe mini da uwargida da yara, da duk 'yan gida da ke wajenku.

Wassalam,
Naka har kullum,
Usman