Ɗaya ga Oktoba a Guangzhou

Assalamu alaikum Inna, da fatan kun tashi lafiya, ya jikin Baba?

Yau da safe na leƙa ta taga sai naga titi ya cika da jajayen tutoci, kowace fitila an rataya mata. Ashe suma nan China ɗaya ga Oktoba ce ranar ƙasarsu, ranar da Mao ya tsaya a dandalin Tiananmen a 1949 ya shelanta kafa jamhuriyarsu. Hutun sati guda suke yi, masana'anta a rufe, kayan da zan turo ma sai an dawo. Rana ɗaya da tamu Inna, amma ko tuta kore fari kore ɗaya ban gani ba, sai naji zuciyata ta yi nauyi wallahi.

Na tuna Baba da rediyonsa tun asuba yana jiran jawabin shugaban ƙasa, yana sake bamu labarin 1960, yadda aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Legas da tsakar dare, Gimbiya Alexandra ta miƙa wa Tafawa Balewa takardu. Kuma ke kina goge min yunifom da dutsen guga na gawayi saboda fareti, kina faɗa kar in zauna ya yamutse.

Amma abin da ya fi damuna gurasa ce. Bandashen da muke siya bayan fareti, an yayyafa ruwa ta yi laushi, ƙuli-ƙuli ya kwanta, man gyaɗa na bin yatsa, ga albasa da tumatir. Anan unguwar Xiaobei akwai Musulman Xinjiang masu gasa wani burodi mai faɗi kamar gurasa, na siya na barbaɗa yajin da kika ƙunso min, ya yi daɗi Alhamdulillah amma ba ƙuli, kuma ga tauri. Dan Allah duk wanda zai taho a bashi ƙuli ko mudu ɗaya ne.

A gaida Baba sosai. A gaida Gwaggo, ina tuna ta kullum, ace mata mayafinta na nan na siya, shuɗi kamar yadda tace. Yaya da matarsa, Kawu. Auta kuma in yau ita ta riƙe tuta a fareti a turo min hoto ta WhatsApp, ko da bai fito sosai ba.

Ɗanki.