Godiya ga Garejinmu na Hanyar Kano, Katsina

Assalamu alaikum, Maigida da dukkan yaran gareji.

Mu direbobi da masu motocin gida da ke kawo muku aiki muka ga ya dace mu yi wannan godiya a bainar jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, tambayar kowa ɗaya ce: idan na cika tanki, ina zai kai ni? Ku ne kuke amsa ta da awo da lissafi, ba ku sa mutum ya sayi kayan da motarsa ba ta buƙata.

Lissafin da kuke zaunar da mutum ku yi masa ya cancanci kowa ya ji. Camry ta 2007 zuwa 2011 mai silinda huɗu tankinta lita 70 ne, haka ma Peugeot 406, ita kuwa Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 wajen lita 65 take ɗauka. Camry mai lafiya a buɗaɗɗen titi takan yi kilomita 12 zuwa 13 da lita ɗaya. Kukan ce a ware lita 10 kada a taɓa, a yi lissafi da 60, ya ba da kilomita 720 zuwa 780. Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne, don haka zuwa da dawowa sau biyu, ta Charanchi da Kankia da Bichi, tanki ɗaya ya isa. Daura kuwa da ke wajen kilomita 80, sau huɗu mutum zai je ya dawo da saura. Amma a cikin gari, tsakanin Ƙofar Ƙaura da kasuwa, ga 'yan Keke Napep, ga tsaya-tashi, ga esi a kunne, lita ɗaya da ƙyar take kai kilomita 9, wato tankin bai wuce kilomita 540 ba.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda kuke hana mutum dogara da allurar da ke nuna yawan mai a tanki. Kukan ce ya cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ya mayar da ma'aunin tafiya sifili, ya yi harkarsa ta kwana biyu ko uku, ya koma famfon nan dai ya sake cikawa, sannan ya raba kilomitan da ya yi da litar da ta shiga. Kuna kuma tunasar da masu motocin da aka shigo da su daga Amurka cewa nasu ma'aunin mil yake ƙirgawa, sai an ninka da 1.6. Mutane da yawa sun ɗauka motarsu zuƙar mai take yi, ashe lissafin ne bai daidaita ba.

Idan awo ya nuna da gaske motar tana sha, daga gyara mai araha kuke farawa. Iskar taya tukuna, da safe kafin ta yi zafi, a kan adadin da ke jikin takardar ƙofar direba, galibi 30 zuwa 32. Sai filtar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe cikin 'yan makonni. Yaronku zai ciro ta ya ɗaga ta saitin rana a gaban mai mota, idan haske bai ratsa ba, magana ta ƙare. Sai a ɗaga motar a juya kowace ƙafa da hannu don a ji ko birki yana riƙewa. Bayan nan ne ake zuwa fulogi da nozul, sannan a jona kwamfuta a duba sensar da ke jikin salansa, domin idan ta mutu injin yakan riƙa zuba mai fiye da kima, hayaƙi ya yi baƙi, fulogi ya yi gawayi.

Akwai wata al'ada da kuka tsaya kai da fata wajen hana ta, kuma kun yi daidai. Wasu sukan cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, su jona fanka kai tsaye, wai don zafin ƙasarmu. Injin sai ya kasa kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu sanyin safiya ake ciki, ta ci gaba da ƙara mai. Ku mayar da tamostat kuke yi, ku wanke lagireto, ku gyara wayar fanka.

Nasiharku biyu ma muna riƙe da su. Gudun 120 ya fi na 90 cin mai nesa ba kusa ba, saboda iskar da mota ke turawa. Sannan kada a bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, domin famfon mai a cikin tankin yake, man ne ke sanyaya shi, kuma wanda mai ya yanke wa tsakanin Mashi da Daura sai abin da 'yan bumburutu suka yanka masa.

Maigida, Allah ya saka da alheri, ya yi wa yaranka albarka, ya ƙara buɗi a wannan sana'a.

Naku,
Direbobi da masu motoci, Katsina