Koken Iyayen Yara Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Sakamakon Jarabawar Ƴan Aji Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. Mu ne iyayen yaran da ke karatu a ƙaramar sakandaren garin nan, maza da mata, tare da wasu daga cikin ƴan kwamitin kula da makaranta. Mun biyo ta hannun masu unguwanni da Dagaci kamar yadda aka saba, su suka ce mu rubuto maka.

Abin da ya kawo mu shi ne sakamakon jarabawar BECE ta ƴan aji uku, wadda jihar Kano ke shiryawa ta hannun KERD, sashen ma'aikatar ilimi mai shirya jarabawa. Ranka ya daɗe, sakamakon bana bai yi kyau ba ko kaɗan, musamman lissafi da Turanci, kuma ba bana aka fara ba, kowace shekara abin sai ƙara lalacewa yake muna kallo. Wannan jarabawa kuwa ita ce ƙofar shiga babbar sakandare. Yaron da bai tsaya da ƙafarsa a aji uku ba, ta yaya zai ci jarabawar shiga makarantun kimiyya irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda tun 1977 suke fitar da likitoci da injiniyoyi a jihar nan, ko ƴaƴanmu mata su samu makarantar kimiyya ta mata da ke Garko? Ga jarabawar kwalifayin tana jiransa a aji biyu na babbar sakandare, wadda sai ka ci ta sannan gwamnati take biya maka kuɗin NECO, in ka faɗi kuwa talaka ina zai samo.

Wallahi yaranmu ba daƙiƙai ba ne. Yaran nan su ne ke haddace izu-izu a islamiyya, su ne ke juya canji a kasuwa ba tare da kuskure ba. Ɗaya daga cikinmu ya zaunar da ɗiyarsa da daddare bayan sakamako ya fito, ya buɗe littafin lissafinta, sai ya tarar shafi kaɗan ne aka yi rubutu tun farkon zango, sauran fari fat. Ya tambaye ta, ta ce ai tun da aka yi wa malamin lissafi canjin wurin aiki ba a kawo wani ba, malamin addini ne yake ɗan shigowa ya taimaka in ya samu sarari, Allah ya saka masa. Ya miƙa mata takardar tambayoyin Turanci ya ce karanta, yarinya ta riƙe takarda tana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya har hawaye ya zubo mata. Shekara tara kenan tana zuwa makaranta, shida a firamare uku a nan.

Mun je makarantar da kanmu mun gani. Yara a cunkushe, rabi a benci rabi a ƙasa kan buhu, allo ya koɗe alli baya kamawa, aji guda iska ta yaye rufinsa tun damina biyu da suka wuce shi ya sa aka haɗe su wuri ɗaya. Malaman da suke nan wasunsu suna iya ƙoƙarinsu, mun shaida, amma mutum ɗaya ba zai koyar da darasi uku a aji shida ba.

Abin da ya fi ci mana rai kuma, ranka ya daɗe, shi ne maganin da wasu ke kawo mana. Da jarabawa ta matso sai a fara raɗe-raɗin a haɗa kuɗi a “taimaki yara”, wato a rubuta musu amsa a allo. Mu dai ba ma so, kuma ba mu zo gabanka don a gyara maki ko a ɗaga wa kowa ƙafa ba. Yaron da aka ba satar amsa yau gobe shi zai riƙe takardar da bai iya karanta abin da ke cikinta ba, kuma mu iyaye mu za mu amsa a gaban Allah. Malamai muke nema.

Mu ma da namu laifin, ba za mu ɓoye ba. Ranar kasuwa makaranta kusan wayam take, ƴan mata sun tafi talla, da kaka kuma samari suna gona. Akwai uban da bai taɓa taka ƙofar makarantar ba ko sau ɗaya.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, a watan Yunin 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano. To muna roƙo ka shige mana gaba mu ma rabonmu ya iso. Maganarka tana shiga inda tamu ba ta kaiwa, dan Allah ka kai kukanmu wajen shugaban ƙaramar hukuma da sakataren ilimi da ofishin shiyya a turo mana malamin lissafi da na Turanci da na kimiyya, masu NCE ko digiri a fannin, kafin a koma sabon zango, a kuma duba rufin ajin nan. Muna kuma roƙon a riƙa kafe sakamako darasi-darasi a makaranta kowa ya gani, a karanta wa iyaye a taro da Hausa.

Sannan ka umarci masu unguwanni da limamai su yi shela a hana talla lokacin makaranta, in daga bakinka ta fito za a ji. Mu kuma mun yi alkawarin haɗa abin da ya sawwaƙa mu riƙe matasanmu masu NCE da ke zaune ba aiki, su riƙa yi wa ƴan aji ɗaya lesin karatu da yamma, wuri kawai muke buƙata da izininka. Duk ranar da ka sa mana za mu zo fada da littattafan yaran a hannu ka duba da idonka.

Allah ya ƙara girma, ya ja kwana.

Naka masu biyayya,
Iyayen yara da ƴan kwamitin makaranta