Zuwa ga 'yata a Marwa, kan aikin funfunar dawa

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya zafin Marwa? Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Na ji malaminki ya ba ki aikin tantance funfunar da ke kama dawa da masakwa. Madalla, aikin da na tsufa a cikinsa ne. Abin da zan roƙe ki, kada ki yi gaggawar raɗa wa abin da ya tsiro a farantin gwajinki suna.

In ganye ya zo daga gona, ki yanka bakin tabon, inda ciwo ya haɗu da lafiyayyen wuri. Tsakiyar ta riga ta mutu, masu cin matacce ne suka taru a can. Ki tsoma a ruwan jabel (bilic) mai sauƙi, ki ɗauraye da ruwan da aka turara. Abincin dankalin nan da ake shuka funfuna a kai, PDA, sai ya cika minti 15 a digiri 121 cikin tukunyar turarawa, ko da kowa na jiran tukunyar. Da hunturu kuwa ki riƙa aiki kusa da harshen wuta, don funfunar Aspergillus da ke cikin ƙura ba ta jiran gayyata.

Launi yana ruɗi. Fusarium guda, wani nau'in funfuna, zai yi ruwan hoda nan, ya yi fari can. A madubin ƙara girma ma ki natsu: manyan ƙwayoyinsa lanƙwashe suke kamar lauje, haka ma na Colletotrichum mai tabon ganyen dawa. Na Fusarium suna da shamaki a ciki, na ɗayan babu, kuma shi Colletotrichum yana fitar da baƙin gashi a kan tabon. Ɗalibai da yawa nan suke zamewa. Ko an kai gwajin DNA, sashen ITS kaɗai ba ya raba dangin Fusarium, sai an haɗa da sashen TEF1.

Duk da haka ba ki kama mai laifi ba tukuna. Sai kin fesa wa lafiyayyar dawa funfunar da kika samu, ciwon nan ya fito, kin sake ciro funfunar daga dawar, bisa ƙa'idar Koch. Makonni zai ci, ki yi haƙuri.

Manomin da ya ce miki burtuntuna ce ta cinye zangarniyarsa, ki rubuta maganarsa, da ƙauyen, da irin dawar, da ranar.

Kuma don Allah kada ki shinshina faranti, musamman mai kore-kore na gyaɗa. Ki sa takunkumi. Kuɗin mota na zuwa ranar Juma'a, in Allah ya yarda.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Garwa