Wasiƙa daga Ohayo: Tarwaɗa ta koma ruwa

Ohayo, Amurka
Janairu 2026

Dogo,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya su Inna, ya ƙarfin jikin Baba? Ya sanyi? Ko da yake kada ma ka fara yi mini kukan hunturun Yauri. A nan yaran da ke da suma in sun fito daga wanka ba hula, kafin su kai ɗakin cin abinci gashin ya sandare, har ƙas-ƙas yake yi in an taɓa.

Na san kana cike da ni. Saƙonka na cewa ko Turawa sun saye ni ne na gan shi, dariya ce ta hana ni amsawa. Akwai maganar filin nan na bayan tasha da nake so in tambaye ka, amma bari in fara sauke wanda ya fi nauyi.

Na koma ruwa. Ba irin na a je a jiƙa jiki ranar Asabar ba, sunana na cikin ƙungiyar ninƙaya ta makaranta, har da hular roba mai tambari. Kai da ka rantse cewa daga ranar da na hau jirgi ni da gasa sai a mafarki, to ka shirya kaffara.

A watan Satumba ne ina iyona ni kaɗai da yamma, sai na lura wani dattijo mai agogo a wuya yana bi na ta gefen kwami. Da na fito ya ce wa ya koya mini? Na ce Kwara. Ya ce wace ƙungiya Kwaran yake horarwa? Na ce kogi ne, ranka ya daɗe. Na ba shi labarin gasannin da muka je da sunan jiha, ya ce in zo gobe ƙarfe shida na safe. Shi ke nan fa.

Kafin Kawu ya fara lissafin dala, ka gaya masa ko sisin kwabo babu. Hukumar wasannin jami'o'i ta nan, NCAA, ta kasa makarantu rukuni uku, tamu a na uku take, kuma a rukuni na uku ba a ba kowa kuɗin karatu don wasa. Amma kada ka ji na uku ka raina. A jihar nan akwai wata ƙaramar kwaleji, Kenyon, mazanta sun ɗauki kofin ƙasa na rukunin shekara 31 a jere, daga 1980 zuwa 2010, sai a 2011 maƙwabtansu na Denison suka karɓe. Da irin waɗannan ake raba layi a yankin nan.

Abin da ke ba ni wahala shi ne bango. Mutanen nan da yadi suke awon ruwa, kamar masu shadda a Kantin Kwari. Kwaminsu yadi 25 ne, bai cika mita 23 ba, alhali na Olamfik mita 50 ne. Ka ga ke nan tseren yadi 500 tsawon kwami sau 20 ne, juyi 19. A tsakiyar ruwa ba na jin tsoron kowa, wallahi. Amma da mun iso bango sai su tuntsura, su tokare da ƙafa, su nutse suna kaɗa jiki a ƙarƙashi, don doka ta yarda har mita 15, ni kuwa in ɗago kai in ga tafin ƙafarsu. Koci ya ce hannuna na manya ne, juyina na 'yan firamare. Yanzu in kowa ya tashi, ni ana bari na da bango muna ta fama.

Af, wai da gaske ne Gajere ya sayi jirgi mai inji? Mutumin da ko a kwalekwalen fito sai ya rufe ido? In ya ɗauke ka aiki ka sa rigar ruwa biyu, tun da kai ma mun san iyakar iyonka: gwiwa.

To ga inda hankalina ya tsaya. Koci ya sa ni cikin mutum huɗu na tseren karɓa-karɓa, kowa yadi 50, ni ne na uku. Babbar gasar yankinmu a tsakiyar Fabrairu take, kwana huɗu, da safe a yi na tankaɗe da rairaya, da yamma a yi na ƙarshe. Azumi kuma ana sa ran zai kama wajen 18 ga Fabrairu. Sun haɗe, Dogo.

Yunwa ba ita ce damuwata ba, mu da muka yi azumi a zafin Afrilu. Magariba a nan wajen ƙarfe shida take faɗuwa a lokacin. Ruwan ne. Babu mai tsere da gaske da zai ce maka ko ɗigo bai wuce maƙogwaronsa ba, balle a juyi, inda yake shiga ta hanci. Limamin masallacinmu, wani Bamisire mai kirki, ya ce ai tafiya za mu yi zuwa wani gari, in sha in rama. Ni kuma na tuna karatunmu na zaure, cewa wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ya fita daga hukuncin matafiyi. Mu kuwa kwana huɗun cif za mu yi, in ma ba a ƙara da daren isa ba. In na ce ba zan shiga ba, mutum uku na zubar wa wahalar wata biyar, ciki har da wani ɗan ajin ƙarshe da wannan ce gasarsa ta ban kwana. Shi ne yake tsare mini ƙofar ɗakin ajiyar kaya in yi sallar asuba in mun fito daga ruwa, kafin rana ta ɓullo. Da wane ido zan kalle shi?

Don Allah ka je wurin Malam ka shimfiɗa masa tambayar yadda na faɗa maka, da nisan tafiyar, ta fi mil 100, da yawan kwanakin. Amma ka ce wani abokinka ne. In ka ambaci sunana, kafin la'asar zance ya isa kunnen Baba, shi kuwa har yanzu a saninsa daga aji sai ɗakin karatu. Ina so ni in faɗa masa da bakina, in sakamakon zangon nan ya fito. Na ma tanadi hujja: Ahmed Hafnaoui na Tunisiya, wanda ya ci zinare a ninƙayar mita 400 a Olamfik ta Tokiyo yana ɗan shekara 18, shi ma jami'ar Indiyana ya zo daga baya, nan maƙwabtanmu. Na san abin da Baba zai ce: shi ɗan wa ye a garin?

Kuma tun kafin ka tambaya, a'a, ba na sa ɗan kamfan nan. Dokar gasa ta ce wandon maza kada ya haura cibiya, kada ya gangara ƙasa da gwiwa, ni kuwa na cika iyakar dokar taf. Sai dai al'adarsu ce a aske gashin ƙafa da na hannu daren babbar gasa, wai ruwa ya fi zamewa. An riga an saya mini reza. In wannan maganar ta fita majalisa, na san inda ta fito, kuma ni ma ina riƙe da labarin ranar da aka tsamo ka a Argungu.

Ka gaishe da Inna, ka ce yajin da ta ba ni ya kusa ƙarewa, yaran ƙungiya sun gano shi. Amsar Malam ka turo ta murya, kada ka taƙaita, ka faɗa mini yadda ya faɗa. Ina bukatarta kafin ƙarshen wata, don koci zai miƙa sunaye.

Naka,
Tarwaɗa